Malesiya a Watan Disamba: Yadda Nake Tsara Tafiya Ni Kaɗai Cikin Damina

Galibinmu ba mu muke zaɓar lokacin tafiya ba. Ma'aikaci hutun ƙarshen shekara yake jira, malamin makaranta sai an rufe, ɗan kasuwa kuwa sai cinikin Kirsimeti ya lafa sannan ya samu ya numfasa. Shi ya sa da yawa daga cikin masu niyyar zuwa Malesiya daga nan Gana sukan faɗa a Disamba ko Janairu. A lokacin mu nan hunturu ne, ga ƙura, ga leɓe na tsagewa. Can kuwa damina ce ta kankama. Ni ma a wannan layin nake: mako biyu nake da su, ni kaɗai zan tafi, kuma kuɗin da na tara ba irin wanda za a zubar a sake tarawa nan kusa ba ne.

Damina ba ta isa ta sa ka fasa tafiyar ba. Amma ita ce za ta zaɓa maka gefen ƙasar da za ka je, da sa'ar da za ka fita daga masauki, da yawan kwanakin da za ka bari babu komai a cikinsu. In ka ƙi ba ta wannan girman, to ita za ta karɓa da kanta.

Bari mu fara da yawan ruwan, don wanda ya tashi a Akra yakan ɗauka ya san ruwa. Ruwan da ke sauka a Akra a shekara guda bai kai milimita 1,000 ba. Na Kuala Lumpur ya haura 2,400. A garuruwan gabar gabas irin su Kota Bharu da Kuala Terengganu, ruwan watan Nuwamba kaɗai kan wuce rabin abin da Akra ke samu a shekara. Ka ga ke nan lemar nan ta 'yan sidi kaɗan da muke saya a Makola ba ita ce maganar ba.

Sai dai fa ba ko'ina ruwan yake zuba iri ɗaya ba, kuma nan ne asirin shirin yake. Ɓangaren Malesiya na yamma, inda babban birnin yake, doguwar ƙasa ce da teku ta sa a tsakiya, ga kuma jerin duwatsun Titiwangsa sun raba ta gida biyu kamar ƙashin baya. Daga Nuwamba zuwa Maris iska na kaɗowa daga arewa maso gabas, ta ɗebo danshi daga Tekun Kudancin Sin, ta zo ta juye shi a jihohin Kelantan da Terengganu da Pahang da gabashin Johor. A can ana iya kwana uku ko huɗu sama ba ta ɗauke ba. Kafin iskar ta tsallake duwatsun ƙarfinta ya ragu, shi ya sa Penang da Langkawi da ke gabar yamma suke samun sauƙi daga Disamba zuwa Fabrairu. Su nasu ruwan mai yawa a Satumba da Oktoba yake. Mu da muka san cewa ana iya tafka ruwa a Takoradi alhali Tamale ko gajimare babu, wannan ba zai yi mana wuyar ganewa ba.

Da na fara tambayar farashi, wani mai shirya tafiye-tafiye a nan Akra ya turo min hotunan tsibirin Perhentian, farin yashi, ruwa garai-garai, ya ce zai haɗa min kwana uku can a farashi mai rahusa. Hotunan gaskiya ne, amma ba na Disamba ba ne. Tsibiran Perhentian da Redang a gabar gabas suke, kuma galibin masaukansu rufewa suke yi daga wajen Nuwamba har zuwa Fabrairu. Kwale-kwalen da ke tashi daga Kuala Besut ma sai yadda igiyar ruwa ta yarda. Ba na ce mutumin macuci ne ba, wataƙila shi ma hoto ya gani. Amma duk wanda zai sayar maka da tafiya, tambaye shi watan da aka ɗauki hoton.

Saboda haka na cire gabar gabas gaba ɗaya, kuma wallahi ban so ba, don Kelantan na cikin wuraren da na fi ƙwaɗayin gani, da kasuwarta ta Siti Khadijah wadda mata ne ke riƙe da ita. Abin da ya tsayar da ni shi ne tarihi. A Disamban 2014 ambaliya ta raba mutum fiye da 200,000 da gidajensu a ƙasar, kuma Kelantan ce ta fi jin jiki. Ɗan gari in ruwa ya zo ya san makarantar da ake fakewa, ya san maƙwabcin da ke da kwale-kwale. Baƙo shi kaɗai, wanda ko sanarwar rediyo ba ya ji, shi ne na ƙarshe da zai san ruwa na tafe.

Kada kuma a ɗauka yamma tudun mun tsira ce. A tsakiyar Disamban 2021 ruwa ya mamaye yankin Klang da Shah Alam, a gefen Kuala Lumpur, mutane suka kwana a kan rufin gidaje a unguwar Taman Sri Muda, kuma fiye da mutum 50 suka rasa rayukansu a faɗin ƙasar. Shekara guda bayan haka, ranar 16 ga Disamba 2022, ƙasa ta zaftare a kan wani sansanin 'yan yawon shaƙatawa a Batang Kali, kusa da tsaunukan Genting, mutum 31 suka rasu, cikin dare suna barci a tanti. Wannan ne ya sa na soke kwana a kan tsauni, duk da yadda ake yabon sanyin Cameron Highlands da gonakin shayinta. Mu mutanen Akra ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mun tuna 3 ga Yunin 2015 a Circle, lokacin da bayin Allah suka fake wa ruwa a gidan mai, wuta ta same su a can. Tun daga ranar na san cewa inda mutum zai fake ma abin tunani ne.

To, yaya ranar baƙo take kasancewa a gabar yamma? Yawanci da safe gari a buɗe yake, ga rana, ga zufa. Daga bayan azahar hadari ke haɗuwa, wajen la'asar ya sauko da tsawa da walƙiya kamar da bakin ƙwarya, bayan awa ɗaya ko biyu ya wuce. Don haka na juya tsarin yini na. Duk abin da ke waje, kamar hawan matakala 272 na kogon Batu ko zagayen tsohon garin Melaka, da safe ne, da an idar da asuba an karya kumallo. Daga ƙarfe biyu kuma in kasance a ƙarƙashin rufi: Gidan Adana Kayan Fasahar Musulunci da aka buɗe a 1998, wanda ke dab da Masjid Negara, ya isa ya cinye maka yamma guda ba ka sani ba. Wani abin da ya ba ni dariya shi ne sunan birnin kansa. Kuala Lumpur na nufin mahaɗar ruwa mai taɓo, kuma a daidai inda kogin Klang da na Gombak suka haɗu aka gina Masjid Jamek a 1909. Garin da sunansa taɓo ai ya gama gaya maka gaskiya tun daga ƙofa. Sun ma haƙa rami mai tsawon kilomita 9.7 da suke kira SMART, wanda aka buɗe a 2007: motoci na bi ta wani sashensa, in ruwa ya yi yawa a rufe shi ya zama magudana. Duk sanda na tuna Odaw sai in yi shiru.

Ga yadda kwanakin suka kasu. Huɗu a Kuala Lumpur, biyu a Melaka, wadda tafiyar kamar awa biyu ce a bas daga tashar TBS. Daga nan in dawo in hau jirgin ƙasa na ETS zuwa Butterworth, awa huɗu da 'yan kai, in tsallaka da jirgin ruwa zuwa George Town in yi kwana huɗu. Melaka da George Town duka UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a 2008, kuma tsofaffin shagunansu suna da rumfa a gaba wadda mutum zai bi ya yi nisa bai jiƙe ba. Na zaɓi jirgin ƙasa a kan mota da gangan, ba na son doguwar hanya da dare cikin ruwa. Sai dai a sayi tikiti da wuri, domin Disamba lokacin hutun makaranta ne a can, kuma kada kowa ya ruɗe ka da cewa damina araha ce. A Penang lokacin ne ma kasuwar masauki ke ci.

Saura kwana huɗu. Biyu ban sa musu komai ba, na bar wa ruwa. In ya hana ni fita wata rana, in rama. In bai hana ba, in sauka a Ipoh a hanyar dawowa. Biyun ƙarshe kuma a Kuala Lumpur zan yi su, kusa da tashar KL Sentral, inda jirgin KLIA Ekspres ke kai mutum filin jirgin sama cikin kamar rabin awa. Tikitin komawa Akra shi ne abu mafi tsada a duk tafiyar, ba zan bari wata hanya da ruwa ya yanke ta shiga tsakanina da shi ba. Masaukan ma na zaɓi waɗanda ake iya sokewa ba a yi asara ba, ko da sun ɗan fi tsada, kuma na roƙi ɗakin sama.

Maganar takardu gajeriya ce amma ba ta son wasa. Mai fasfon Gana sai da biza, kuma akwai ofishin jakadancin Malesiya a Akra. Gana na cikin ƙasashen Afirka da ake sharɗanta wa mutanensu shiga ta filin jirgin sama, don haka dabarar leƙawa Singafo ko Tailan da mota a dawo, a ajiye ta sai an ji daga bakin ofishin. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Katin rigakafin shawara dole ne, kuma sai bayan kwana 10 da yin allurar yake fara aiki. Akwai kuma katin isowa na intanet, MDAC, da ake cikewa cikin kwana uku kafin sauka.

Abin da na fi tsoro a tafiyar nan ba ambaliya ba ne, sauro ne. Mu mun saba da sauron dare da gidan sauro. Mai kawo zazzaɓin denge da rana yake cizo, musamman da sassafe da kuma gab da magariba, kuma a 'yan ruwan da suka kwanta a tukwanen fure da tayoyi yake hayayyafa, a tsakiyar birni. Denge ba shi da maganin kansa, sai jinya da yawan shan ruwa. In zazzaɓi ya kama ka kada ka sha asfirin ko ibuprofen, suna iya jawo zubar jini. Farasitamol za ka sha, ka nufi asibiti, ka kuma gaya musu daga Gana kake don su duba zazzaɓin cizon sauro irin namu. Ruwan ambaliya kuwa kada ka taka shi da ciwo a ƙafa, akwai cutar da su suke kira fitsarin ɓera. Wanka a magangarar ruwa cikin daji na yafe shi: ruwa kan sauko daga tsauni farat ɗaya alhali inda kake ko yayyafi babu.

Nan ne kaɗaici ke nuna kansa. In kuna biyu, ɗaya ya kwanta ɗaya ya nemo magani. In kai kaɗai ne, sai abin da ka shirya tun kana lafiya. Na sayi inshorar tafiya, na karanta da kaina na tabbatar ta haɗa da kwanciya asibiti da jinkirin jirgi. Yayata tana da jerin masaukaina da kwafin fasfona, kuma mun yi alkawari duk dare zan aika mata saƙo. Suna gabanmu da awa takwas, don haka goman darena ƙarfe biyun ranarta ne. In ta ji shiru har washegari, ta kira masauki. Zan sa layin waya na can tun a filin jirgi, in sauke manhajar Grab ta kiran mota da myCuaca ta hukumar hasashen yanayinsu. Gargaɗinsu hawa uku ne, ruwan ɗorawa, ruwan lemo, sannan ja, kuma na yanke wa kaina hukunci tun yanzu cewa da na ga na biyun ba ni ba doguwar tafiya. Lambar gaggawa 999 ce. 'Yan'uwa mata masu tafiya su kaɗai su sani akwai taragon mata zalla a jiragen KTM Komuter.

Wani sauƙin da ya sa na zaɓi ƙasar tun farko shi ne ruwa ba zai hana ka salla ko abinci ba. Kusan kowace babbar kasuwa da tasha tana da ɗakin salla, surau suke ce masa, kuma tambarin halal na hukumar JAKIM a bayyane yake. In hadari ya tsare ka a tasha, ka yi la'asar, ka samu shagon mamak ka zauna da roti canai da shayin madara har ya ɗauke. Shafi'iyya ne, za ka ji ana bayyana bisimilla a salla, kada abin ya ba ka mamaki.

Kaya kuwa kaɗan ne. Shadda mai sitaci ta zauna a gida, danshi ba zai bar ta ta bushe ba. Riguna marasa nauyi, takalmin roba mai kama ƙasa, rigar ruwa, ledar da ake zugewa don fasfo da waya, man korar sauro, da rigar sanyi guda, domin na'urar sanyaya jiragensu da bas ɗinsu ba ta da tausayi ga wanda ya shigo a jiƙe. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu, caja ba matsala. Hannun hagu suke tuƙi, a duba dama kafin a tsallaka titi, balle in lema ta rufe maka ido.

Kelantan da tsibiran na rubuta su a wani shafi daban, da watan Yuni a gefensu, in Allah ya kai mu ya kuma hore abin tafiya.