Tarakta Kujera Ɗaya Gare Ta: Yadda Ake Tayar da Ita Lafiya



A ƙasar Dakoro, daga Kornaka zuwa Birnin Lalle har kwarin Tarka, da hauya da garmar shanu muka saba noma. Yau ga tarakta ta shigo cikinmu: tana huɗa, tana jan tirela ranar kasuwa, tana juya injin sussuka bayan girbi. Akasarinmu hayarta muke yi, amma idan ta zo gona, mu da iyalanmu ne ke tsaye kusa da ita. Saboda haka wannan bayani na kowa ne, ba na direbobi kaɗai ba.

Sa ya san muryar mai shi, in an tsawata masa yakan tsaya. Tarakta kuwa ba ta ji, ba ta gani. A Amurka da Turai akwai ƙananan taraktoci da ake hawa don yanke ciyawar harabar gida. Maƙeransu sun sa wani maɓalli ƙarƙashin kujera, wanda ke kashe inji idan direba ya tashi alhali wuƙaƙe na juyawa. Da yawa daga cikin taraktocin da ke iso mu tsofaffi ne, ba su da wannan dabara. Ke nan hankalin direba shi ne zai maye gurbin maɓallin.

Kafin a hau

Kowace safiya direba ya kewaya taraktarsa tun inji na sanyi. Ya duba baƙin mai, da ruwan lagireto, da gazuwal, da iskar tayoyi, da notocinsu. Ya kakkaɓe matatar iska, domin ƙasarmu rairayi ce, kuma ƙura na toshe ta da wuri. Sannan ya leƙa ƙarƙashi da baya, saboda yara da awaki na son inuwar tarakta.

Tayar da inji

Na farko, ba a tayar da tarakta sai direba na zaune kan kujerarsa.

Na biyu, ya ja birkin hannu, ya sa giya a firi, wato inda ba gaba ba baya, ya kuma tabbatar sandar baya mai juya injuna a kashe take.

Na uku, ya taka kuloci har ƙasa, ya waiwaya dama da hagu, ya ɗaga murya ya ce kowa ya ja da baya, sannan ya murɗa makulli.

Na huɗu, in inji ya tashi ya bar shi ya ɗan ɗumama, yana duban fitilar mai. In fitilar ta ƙi mutuwa, ya kashe inji nan take.

Akwai mugunyar al'ada da ya wajaba a bari. Idan makulli ya lalace, wasu kan tsaya a ƙasa, gaban babbar taya, su haɗa wayoyin sitata da ɗan ƙarfe. In an manta giya a ciki, tarakta za ta zabura ta bi ta kan mai haɗin kafin ya ɗaga ƙafa. A kai wa makaniki ya gyara: kuɗin gyara bai kai ran mutum ba. Haka kuma kada a tayar da inji cikin rufaffen ɗaki, domin hayaƙinsa guba ne.

A gona da kan hanya

Kujera ɗaya aka yi wa tarakta, don mutum ɗaya. Kada a ɗora yaro a cinya, kada wani ya zauna kan murfin taya ko ya tsaya kan ƙarfen ja. Rami guda ya isa ya jefo shi ƙarƙashin taya.

Kifewa na cikin manyan abubuwan da ke kashe direbobin tarakta. Don haka ne ƙasar Suwidin ta wajabta, tun 1959, a sa wa sababbin taraktoci ƙarfen kariya bisa kujera, kuma mace-mace suka ragu ƙwarai. In taraktar da ke hannunku na da wannan ƙarfe, kada a cire shi, kuma direba ya ɗaura ɗamarar kujera. A nisanci bakin kwari da gefen tafki, a rage gudu kafin kwana, kada a ratsa tudun rairayi a karkace. In mota ta kafe aka zo neman taimako, a ɗaura sarƙa a ƙarfen ja na ƙasa kaɗai. In aka ɗaura ta sama, gaban tarakta na iya ɗagawa ta kife ta baya kan direba cikin daƙiƙa biyu.

Tarakta birki biyu gare ta, na dama da na hagu. Kafin a hau hanya a ƙulle su wuri ɗaya, don kada taya guda ta tsaya, tarakta ta juya.

Sandar baya

Sandar da ke juya injin sussuka takan yi juyi 540 a minti ɗaya, wato sau 9 kowace daƙiƙa. In ta kama bakin babbar riga, ko jelar rawani, ko gyale, babu mai iya fizgewa. A sa tufafi matsattsu, a bar mata murfinta, kuma kada a tsallake ta tana juyawa.

In an gama aiki

A tsaya a shimfiɗaɗɗen wuri, a sauke garma ƙasa, a kashe sandar baya, a ja birki, a kashe inji, a zare makulli a sa aljihu. Kada a zuba gazuwal inji na aiki ko da taba a baki. Kada a buɗe lagireto da zafi, domin tafasasshen ruwa zai watso a fuska. In tsautsayi ya auku, a fara kashe inji, a danne inda jini ke zuba da tsabtataccen ƙyalle, a gaggauta kai mutum asibiti.

Muna roƙon malaman cibiyoyin yaƙi da jahilci su karanta wannan shafi tare da ɗalibansu kafin shuka. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, domin rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gida lafiya, amin.