Adireshi ɗaya, mutum biyu: abin da ke maƙale takardun ƴan kasuwa a imel

Ƴan kasuwa maza da mata, yau harkar saye da sayarwa ta wuce baki da baki. Mai ɗauko shinkafa daga tashar jirgin ruwa ta Lome zuwa Maraɗi, da mai fitar da albasar Galmi, da ƙungiyoyin mata masu neman rance a banki, dukansu ta imel takardunsu ke bi: faktir, takardun duwan, shaidar biyan kuɗi. Sau da yawa mukan ji ana kuka cewa an aika takarda, kamfani ya ce bai gani ba, sai a ɗora wa rezo laifi. To, ba kullum ba ne rezo. Wani lokaci adireshi ɗaya ne aka ba mutum biyu a cikin kamfanin, alhali kwantenarka na tasha, kowace rana kuɗin ajiya na hawa.

Adireshin imel kamar akwatin gidan waya yake, wato B.P. ɗin da muka sani. Alamar @ da ke tsakiya, wani injiniya ɗan Amurka, Ray Tomlinson, ya zaɓe ta a 1971. Abin da ke hagu sunan mai akwati ne, na dama sunan gidan da akwatin yake. Ƙa'idar ita ce kowane akwati da mai shi guda.

Manyan kamfanoni da bankuna da yawa suna da kundin sunayen ma'aikata guda biyu. Ɗaya yana cikin babbar kwamfutar biro, ana ce masa Active Directory, ɗayan kuma yana can wajen Microsoft, inda saƙonni ke sauka. Kowane minti 30 na'ura takan gwama kundin biyu domin su zama daidai. A nan ne rigima ke tashi. Ku ɗauka magajin gari ya ba rumfa biyu lamba ɗaya a babbar kasuwa: wa mai karɓar haraji zai rubuta wa tikiti? Haka na'urar take, ba ta zaɓe da ka.

Me ke jawo haka? Na farko, sunayenmu sun yi kama: a biro ɗaya sai ka tarar da Musa biyu, har sunan uba ɗaya. Na biyu, ma'aikaci ya bar aiki, aka ba magajinsa adireshin, amma ba a cire shi daga sunan na farko ba. Na uku, adireshin sashe, kamar na masu lissafin kuɗi, an sa shi ga sashen baki ɗaya, an kuma maƙala shi ga mutum guda. Na huɗu, wanda da can yake cikin kundi a matsayin abokin hulɗa na waje, daga baya aka ɗauke shi aiki aka sake rubuta shi.

In haka ta faru, na'urar takan hana wa sabon suna adireshin, ta kai rahoto ga mai kula da kwamfutocin kamfanin. Wani lokaci kuma saƙonka ne zai dawo maka da dogon Turanci. Kada ka share shi, nemi lamba a ciki. In ka ga 5.1.1, babu wannan adireshi, wataƙila ka yi kuskuren harafi. In ka ga 5.1.4, adireshin na da mai shi fiye da ɗaya, gyaran yana wajensu. Ɗauki hoton saƙon ka tura wa wakilinka ta WhatsApp, ya nuna wa ma'aikacinsu.

Shi ma'aikacin, zai binciki adireshin a duk kundin, har da ƙananan adireshin da ake ƙara wa mutum kamar laƙabi, don a nan ɓarnar ta fi ɓuya. Microsoft na da wata manhaja, IdFix, mai zaƙulo irin waɗannan tagwaye. Sai a tsai da mai adireshin na gaskiya, a cire shi daga ɗayan a kundin biro, tunda shi ne uwa, sannan a sake gwamawa a aika saƙon gwaji. Ba a goge akwatin mutum gaba ɗaya don gaggawa, tsofaffin takardu na iya tafiya da shi.

Mu ma salularmu tana irin wannan. In sunan mutum yana cikin sim, yana cikin waya, yana kuma cikin Google, sai ya fito sau uku, wani da tsohon adireshi. A haɗe su, a goge tsohon. A sani kuma Gmail ba ya la'akari da ɗigo a sunan mai akwati, amma a wasu gidajen ɗigo ɗaya na iya kai saƙo ga wani daban.

Sai a yi hattara da ƴan damfara masu canza harafi guda su yi kama da kamfanin da kake hulɗa da shi. Kama da wane ba ta wane. Duk imel ɗin da ya ce an canza lambar asusun banki, kira lambar da ka sani tun da, ka ji daga bakin mai ita kafin ko dala ta fita. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.