Yadda ƙwayoyin nano ke nuna wa likitan fiɗa hanyar da sankara ta bi

Duk wanda ya taɓa yin miki a ƙafa, ya wayi gari da kaluluwa a matsematsinsa, ya ga ɗaya daga cikin shingayen da jiki ke tsare kansa da su. Akwai ɗaruruwan irin waɗannan ƙulle-ƙulle a wuya da hammata da ƙirji da ciki, kuma siraran magudanai ne ke haɗa su, suna kwaso ruwan da ke tsakanin tsokoki su kai musu domin tacewa. Idan sankarar mama ko ta tumbi ko ta babban hanji ta tashi barin inda ta tsiro, yawanci ta waɗannan magudanai take fara bi.

Shi ya sa tambayar da ke gaban likitan fiɗa ba ta tsaya kan ƙarin da zai cire ba. Dole ya san ko cutar ta isa kaluluwa, domin amsar ce ke fayyace matakin da ta kai, da ko majinyaci zai buƙaci ƙarin magani ko gashi bayan tiyata. A da, likitoci kan kwashe kaluluwar hammata gaba ɗaya. Hakan yana da tsada ga jiki: kusan mace ɗaya cikin biyar da aka yi wa haka takan ƙare da kumburin hannu mai kama da tundurmi, wanda sau da yawa ba ya barin ta har abada, alhali da yawansu sai daga baya gwaji ya nuna cutar ba ta ma kai can ba.

Mafita ta fara bayyana a 1977, lokacin da likita Ramon Cabanas ya nuna cewa ruwan da ke fitowa daga wurin ƙari yana da kaluluwar da yake fara isa, wadda ake yi wa laƙabi da mai gadi. In aka ciro ta aka tarar babu cuta, akwai kyakkyawan zaton sauran ma lafiya suke. A 1992 Donald Morton ya yi amfani da shuɗin rini wajen gano ta a sankarar fata a Amurka, a 1993 kuma David Krag ya gwada sinadarin nukiliya na teknishiyam a sankarar mama. Da wannan dabara, masu kumburin hannu sun ragu zuwa kimanin shida cikin ɗari.

Sai dai teknishiyam yana da nasa rikicin. Rabin ƙarfinsa yana gushewa cikin awa 6, don haka ba a iya ajiye shi, kuma asibitin da ba shi da sashen nukiliya ba zai yi aiki da shi cikin sauƙi ba. Shi kuwa rini saurin wucewa gare shi, yakan zarce kaluluwar farko ya rina na gaba in likita ya yi jinkiri.

A nan ne ƙwayoyin nano suka shigo, kuma sirrinsu duka a girmansu yake. In aka raba mita ɗaya gida biliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin gashin kai guda ya kai nanomita dubu tamanin ko fiye. Ƙofofin da ke bangon ƙananan jijiyoyin jini matsattsu ne ƙwarai, na magudanan kaluluwa kuwa sun fi su faɗi nesa ba kusa ba. Ƙwayar da aka ƙera tsaka-tsaki ba za ta shiga jini cikin sauƙi ba, za ta bi magudanar har kaluluwa, inda dakarun garkuwar jiki ke haɗiye ta kamar yadda suke yi wa kowane baƙo. Da zarar sun haɗiye ta, ta zauna ke nan, ta zama alama.

Kamfanin Endomag na birnin Kambirij a Ingila ya yi tasa ƙwayar da sinadarin ƙarfe, dangin tsatsa, aka lulluɓe shi da wani nau'in sukari, girmanta kimanin nanomita 60. Sunan ruwan Magtrace, kuma ana bin sawunsa da wata sanda mai jin maganaɗisu da ake kira Sentimag, wadda ƙararta ke ƙaruwa in ta matso kusa da kaluluwar da ta sha ƙarfen. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2018, hukumar NICE ta Ingila kuma ta ba da shawarar amfani da shi a 2022 ga asibitocin da samun sinadarin nukiliya ke yi musu wuya. Ana iya yin allurar kwanaki kafin tiyata. Amma yakan bar tabo mai duhu a fata na tsawon watanni, yana kuma dagula hoton MRI a wurin da aka zuba shi.

Inda al'amarin ya fi ɗaukar hankali shi ne tiyatar huda, wadda ake yi ta 'yan ƙananan ramuka a ciki, da kyamara da dogayen almakasai. Majinyaci yana saurin tashi, ciwon ba ya kai na tsaga ba, amma likita ya rasa yatsunsa. Kaluluwar da a da zai laluba ya ji ta kamar ƙwayar wake a cikin kitse, yanzu sai dai ya neme ta da ido a allon talabijin, ga ta kuma kusan launinta ɗaya da kitsen. A sankarar babban hanji ƙa'ida ta nemi a duba aƙalla guda 12, a ta tumbi 16, kafin a yanke hukunci kan matakin cutar.

Likitocin ƙasar Sin sun fi kowa nisa a wannan fage, da ruwan baƙin kabon, ɗan uwan gawayi, mai ƙwayoyi kimanin nanomita 150. Ana zura bututu mai kyamara ta baki ko ta dubura, galibi kwana guda kafin tiyata, a yi allurar a gefen ƙarin. Washegari kaluluwar ta yi baƙi ƙirin a cikin kitse mai ruwan ɗorawa, kuma tabon allurar yana nuna inda ƙarin yake ta wajen hanji. Nazarce-nazarcen da aka yi a can sun nuna ana samun kaluluwa fiye da yadda ake samu ba tare da shi ba, musamman ƙanana da ido ke tsallakewa. A tiyatar ƙullin maƙogwaro na tayirod har wata riba aka samu: ƙananan ƙulle-ƙulle huɗu da ke daidaita sinadarin kalsiyam ba sa ɗaukar baƙin, sai likita ya gane su ya kauce musu. Aibinsa shi ne in allura ta zarce ruwan ya zube a ciki, sai wurin aikin duka ya baƙanta.

Shi kuwa maganaɗisu bai riga ya saba da tiyatar huda ba, saboda kayan aikin na ƙarfe ne, suna rikita sandar. Masu bincike a Jami'ar Tuwente ta ƙasar Holan suna aiki kan na'urar da za ta bambance ƙwayoyin daga sauran ƙarafa. A Amurka kuma, Jami'ar Konel da cibiyar sankara ta Memorial Sloan Kettering sun ƙera ƙwayoyin silika da ba su kai nanomita 10 ba, masu ƙyalli a ƙarƙashin wani haske da kyamara ke gani ido ba ya gani, aka kuma wallafa sakamakon gwajinsu na farko a jikin mutane a 2014.

Ya kamata a fahimci iyakar abin. Baƙin kabon da ƙarfen duka hanya suke nunawa, ba sa cewa akwai sankara a kaluluwar. Wannan hukuncin mai duba nama a madubin ɗakin gwaji ne ke yanke shi. Kuma in cutar ta riga ta cika kaluluwa ta toshe magudanarta, ƙwayoyin sukan kauce su bi wata hanya, su yaudari likita.

Wannan batu na ƙarshe ya shafi Nijeriya kai tsaye. Ruwan da ba ya buƙatar sashen nukiliya, kuma ake iya ajiye shi, ya dace da ƙasar da cibiyoyin nukiliyar asibiti ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Amma neman kaluluwa mai gadi aiki ne da ake yi wa wadda cutarta ke matakin farko, tun hammata ba ta kumbura ba, kuma akasarin matan da ke zuwa asibiti da sankarar mama a ƙasar nan sukan iso ne a mataki na uku ko na huɗu.