Abin da Ke Sa Injin Wanki Ya Cika Ya Tumbatsa

A Zangon Kumasi, da unguwannin da ke maƙwabtaka da shi kamar Aboabo da Asawase, ana samun injin wanki iri biyu. Akwai mai tukunya biyu, wanda ake zuba wa ruwa da bokiti, akwai kuma mai ɗiban ruwa da kansa daga famfo. Na biyun ne yakan cika har ya tumbatsa, kuma yawanci abu biyu ne ke jawo haka.

Na farko shi ne bawul, wato ƙofar da ruwa ke shiga ta cikinta. Lantarki ne ke buɗe shi, in an yanke wuta sai ya rufe. Saboda haka gwajinsa ba wuya: yayin da injin ke ɗiban ruwa, sai a zare shi daga soket. Idan ruwa ya ci gaba da zuba, to bawul ne ya maƙale. Sau da yawa yashi ko tsatsa ne ke hana shi rufuwa. Ruwan famfon Kumasi daga madatsun Barekese da Owabi yake zuwa, amma ba kullum yake zuwa ba, shi ya sa gidaje da dama ke tara shi a tanki. Laka takan kwanta a gindin tanki, kuma in tankin ba shi da tsawo, ruwan yakan sauko ba ƙarfi. Abin mamaki, irin wannan bawul yana bukatar ƙarfin ruwa kafin ya rufu sosai. A nan sai a rufe famfo, a wanke 'yar ragar da ke bakin tiyo, in bai daina ba a sake bawul.

Idan kuwa ruwa ya tsaya da aka zare wuta, laifin na ma'aunin ruwa ne. Wani siririn tiyo ne ke tashi daga gindin tukunya zuwa wani makunni a sama. Ruwa na hawa, iskar da ke cikin tiyon na matsuwa, har ta tura makunnin ya yanke ruwa. In sabulu ya toshe tiyon, ko ya tsage, ko ɓera ya ci shi, makunnin ba zai san tukunya ta cika ba. Masu gyara sukan cire tiyon daga tukunya su hura shi a hankali. In sun ji "ƙas", makunnin na aiki. Ba a yin wannan sai an zare wuta, an kuma zubar da ruwan tukunya.