Filtar mai: Inda take ɓoye a ƙananan motoci da yadda ake canza ta

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, masu ƙananan motoci da dama a Najeriya suka daina cika tanki. Wasu lita biyar suke sha, wasu kuma sai allura ta kwanta su tsaya wajen 'yan bumburutu. Wannan ɗabi'a tana ɗora nauyi a kan wani ƙaramin abu da direbobi ba su cika tunawa da shi ba, wato filtar mai.

Aikinta shi ne tare ƙura da tsatsa da dattin da ke cikin fetur kafin ya isa injin. Ramukan nozul da ke fesa mai ƙanana ne ƙwarai, ɗan datti kaɗan ya isa ya toshe su. Idan filtar ta cika da dauɗa, famfon mai zai riƙa wahala wajen tura fetur, a ƙarshe ya ƙone. Kuɗin sabon famfo kuwa ya ninka na filta sau da yawa. Yawo da tanki kusan wayam yana ƙara matsalar, domin fetur ɗin ne ke sanyaya famfon da ke nutse a cikinsa.

Alamomin toshewa

Mota takan yi nauyi idan aka taka totur, musamman a hawa ko lokacin wuce babbar mota a kan titi, wanda hakan haɗari ne ga rayuwa. Takan riƙa shiƙewa, ta daɗe kafin ta tashi, ko ta mutu a tsakiyar hanya. Wani lokaci akan ji famfon yana kuka daga wajen kujerar baya. Sai dai lalacewar fulogi ma kan kawo irin waɗannan alamu, don haka gwada ƙarfin man da na'ura ya fi yin canki-canka.

Ina take?

Wurin ya danganta da irin motar da shekarar ƙirarta. A Volkswagen Golf 3 mai fetur, wadda ta cika tashoshin mota a Arewa, filtar tana ƙarƙashin mota, kusa da tanki, gaban tayar baya ta hannun dama. Gwangwanin ƙarfe ce mai bututu a kowane gefe.

A Honda Civic ƙirar 1992 zuwa 2000, tana cikin bonet, maƙale a jikin bangon da ya raba injin da wurin zaman mutane. Daga ƙirar 2001 kamfanin ya mayar da ita cikin tanki. Haka ma Toyota Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008: filtar haɗe take da famfon mai a cikin tanki, kuma ana kai wa gare ta ne ta hanyar ɗaga kujerar baya a buɗe wani murfi da ke ƙasa. Duk wanda ya yi ta laluben ta a bonet ɗin irin wannan Corolla, zai ɓata lokacinsa ne kawai.

Yadda ake canza ta waje

A fara da barin injin ya huce, a yi aikin a fili, nesa da sigari, janareta ko murhu. A mafi yawan motoci masu injekta, matsin fetur a cikin bututu ya fi na iskar da ke cikin taya, kuma yana nan ko bayan an kashe mota. Saboda haka sai a cire fiyus ɗin famfon mai, a tayar da motar, a bar ta har ta mutu da kanta. Daga nan a kwance wayar batir mai alamar ragi.

Idan filtar a ƙarƙashi take, kada a shiga kan jak kaɗai, a tokare motar da abin da ba zai goce ba. A naɗe bakin bututun da tsumma kafin a kwance, domin sauran mai zai zubo.

A jikin yawancin filtoci akwai kibiya da ke nuna hanyar da mai ke bi. Dole ta fuskanci injin. A Civic, inda ake ɗaurewa da noti, a sa sababbin washa, domin tsofaffin sukan yi yoyo. Bayan an mayar da fiyus da batir, a murɗa makulli sau biyu ko uku ba tare da tayar da injin ba, famfon ya cika bututun. Sai a tayar, a duba sosai ko akwai ɗigo ko warin fetur.

Ta cikin tanki kuwa, gara a bar wa ƙwararren bakanike, saboda ana buɗe tankin ne a cikin motar, kuma idan robar murfin ba ta zauna daidai ba tururin fetur zai riƙa shiga wurin fasinjoji.

Wankewa ba gyara ba ne

A gareji da yawa akan cire filta a hura mata iska a mayar. Cikinta takarda ce mai ninki, iska mai ƙarfi tana iya yaga ta, datti ya wuce kai tsaye zuwa nozul. Canza ta shi ne mafita, kuma littafin da ke zuwa da mota ya faɗi tazarar kilomitar da ta dace. Mai yawan bin hanyar ƙura ko shan man galan ya kamata ya canza tun kafin lokacin.

Filta kuma ba ta maganin kowane irin gurɓataccen mai. A watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol daga Beljiyam, motoci da dama sun lalace duk da filtocinsu, domin sinadarin narkewa yake a cikin fetur ya wuce. Wanda ya sha irin wannan mai, ko mai haɗe da ruwa, sai ya juye tankin gaba ɗaya kafin ya sa sabuwar filta.