Sikelin da Zai Iya Zama a Abala

A kasuwannin ƙasar Kurfai, tiya ce ke raba gardama tsakanin mai gero da mai saye. An cika ta, an juye a buhu, magana ta ƙare. Tsohon ƙarfe kuwa ba ya shiga tiya. Gatarin da ya dakushe, ƙafar amalanken da ta karye, gangar man da ta huje, injin da ya buga, duk sai an ɗora su a kan kilo kafin a san kuɗinsu. Ɗan gwangwan da ke tara irin wannan kaya a Abala ko Sanam yana saye da awon gida, sannan ya bi hanya ta Filinge da Baleyara, tafiyar kilomita 250 ko fiye, ya sayar da awon Yamai, sau da yawa a kasuwar Katako inda maƙera ke mayar da ƙarafa tukwane da murhu. Idan sikelin nan biyu suka saɓa, aljihunsa ne ke cike giɓin. Kuskuren kilo 2 a kowane kilo 100 ya zama kilo 200 a lodin tan 10.

Wannan ne ya sa masu babban jari suke barin sikelin rataye su koma ga na ƙasa, wanda masu jin Faransanci ke kira baskil. Faffaɗan faranti ne na ƙarfe, yawanci mita 1.2 ko 1.5 a kowane gefe. A ƙarƙashin kusurwoyinsa huɗu akwai ƙananan na'urori masu jin nauyi. Kaya na sauka, ƙarfen da ke cikinsu ya ɗan lanƙwasa yadda ido ba ya gani, wutar da ke ratsa su ta canza, waya ta kai saƙon ga akwatin da ke nuna lamba. An ƙera shi ne domin ɗakunan ajiya inda kaya ke zuwa a jere bisa katakon dako. Abala ba ta da wannan gatan, don haka zaɓe a nan yana da nasa sharuɗɗa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar babba a matsayin mafi kyau. Sikelin ciniki na yau da kullum yana raba iyakar nauyinsa gida 3000. Mai ɗaukar tan 3 yana tafiya ne kilo ɗaya-ɗaya, mai tan 1.5 kuma rabin kilo. A ƙa'idar awo ta duniya, ba a dogara da irin wannan sikeli a ƙasa da taki 20 na tafiyarsa, wato kilo 20 ga mai tan 3. To yaron da ya kawo wayar jan ƙarfe ta kilo 4 fa? In aka jefa ta a kan babban faranti, rabin kilo zai iya ɓacewa ko ya ƙaru ba tare da kowa ya yi nufin cuta ba, alhali jan ƙarfe ya ninka baƙin ƙarfe tsada sau da yawa. Mai gaskiya yana ajiye sikeli biyu: na ƙasa domin baƙin ƙarfe da buhuna, ƙaramin na tebur domin jan ƙarfe da alminiyum.

Duk da haka ba a sayen wanda ya yi daidai wa daida da kayan. Ƙarfe ba ajiye shi ake yi a hankali ba, jefo shi ake yi daga kan amalanke, kuma bugun faɗuwa ya fi nauyin kayan nesa ba kusa ba. Wanda lodinsa mafi nauyi bai wuce tan ɗaya ba, mai tan 2 ya fi masa kwanciyar hankali, da faranti mai kauri mai zanen hana santsi da haƙarƙari masu ƙarfi a ƙasa.

Sai ƙura da zafi, abokan zaman kowa a arewacin Tilaberi. A jikin na'urorin akan rubuta IP da lambobi biyu. Ta farko in ta kasance 6, ƙura ba ta shiga. Ta biyu tana nuna juriyar ruwa, inda 5 ke nufin feshi, 7 kuma nutsewa ta ɗan lokaci. IP67 ya dace da wurin da hunturu ke tafe da rairayi, damina kuma da ambaliya a kwarin Dallol Boso. Galibin sikelin an gwada su ne har zuwa maki 40 na zafi, kuma watan Afirilu da Mayu a nan sukan wuce haka. Rumfa a kansa wajibi ce. Wasu suna haƙa rami su binne shi daidai da ƙasa don baro ya hau cikin sauƙi, amma ramin kan zama matattarar yashi da ruwa, kuma tsakuwa ɗaya da ta maƙale tsakanin faranti da bango ta isa ta rage awo. Daɓen siminti mai daidaito da ɗan gangaren hawa ya fi sauƙin shara.

Batun wuta ba ya buƙatar dogon bayani ga wanda ya ga watannin da suka biyo bayan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse lantarkin da take ba Nijar. A nemi akwatin lamba mai batirin da ake caji, wanda ƙaramin farantin sola zai iya cikawa. Wayarsa kuma a sa ta cikin bututu, saboda ɓera da kaifin ƙarfe. Abu ɗaya da masu walda ya kamata su ji: ba a walda a kan farantin sikeli, wutar tana ƙone na'urorin nan take.

Tazarar Yamai ita ce ta sa gyara ya zama babbar magana. Sikelin da ba a samun kayan gyaransa a cikin ƙasa, ranar da kusurwa ɗaya ta mutu shi ma ya koma cikin gwangwan. Tun kafin ciniki ya faɗa, a tambayi mai sayarwa ko yana da na'urar canji da wanda ya iya saita ta, a kuma nemi shaidar tantancewa daga ANMC, hukumar da ke kula da ma'aunai a Nijar. Masu dakon wake da gero ma suna da rabo a nan, domin sanin nauyin lodi tun daga gida yana kare direba daga tarar wuce kima da dokar UEMOA mai lamba 14 ta shekarar 2005 ta tanada.

Akwai gwajin da ba ya buƙatar injiniya. A ɗauki buhu guda a ɗora shi a tsakiya, sannan a kowace kusurwa. Lambar kada ta bambanta fiye da taki ɗaya. A sauke, a ga ko ya koma sifiri da kansa. A ɗora jarka wadda babu komai, a danna maɓallin cire nauyin mazubi, a zuba mata ruwa lita 20 da aka auna: kilo 20 ya kamata ya nuna. A kuma juya akwatin lambar yadda mai kawo kaya zai gani da idonsa.

Ga 'yan gwangwan da 'yan dakon Abala da Filinge, kira shi ne su haɗa kuɗi su sayi duwatsun awo na kilo 20 masu hatimi, ko da guda biyar ne, su ajiye a hannun shugaban kasuwa, kowa ya gwada sikelinsa da su kafin ranar kasuwa.