Neman Wurin Yoyo A Jirgin Ruwa Mai Feshi

A shekarar 1954 wani mai kiwon tumaki a ƙasar Niyu Zilan, ana ce da shi William Hamilton, ya ƙera jirgin ruwa wanda ba shi da farfela a ƙarƙashinsa. Kogunan yankinsu ba su da zurfi, sai tsakuwa da ruwa mai gudu, farfela kuwa da ta bugi dutse ta lalace. Don haka ya ɗaura famfo cikin jirgin, yana zuƙo ruwa ta wata kafa a gindi, yana fesar da shi ta baya da ƙarfi, feshin nan shi ke tura jirgin gaba. Irin jiragen nan ne a 1960 suka haura Kogin Kolorado na Amurka ta cikin kwazazzabon Grand Canyon.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Jirgin da aka huda gindinsa da gangan, kogi kuma yana ratsawa ta cikinsa, kafofin yoyonsa sun fi na kwalekwale yawa nesa ba kusa ba. Idan mai jirgi ya ga ruwa ya taru, inda ya tarun ba ya gaya masa kome, gama ruwa gangare yake bi. A ganinmu abin da ya kamata ya fara tambaya shi ne, yaushe ruwan ke shiga?

Da farko sai a kwashe ruwan, a goge cikin jirgin ya bushe ƙayau, sa'an nan a barbaɗa hoda ko garin alli kewaye da famfo da inji da bangon baya. A sa jirgin a ruwa, kada a ta da inji, a zuba ido da tocila da ɗan madubi. Ɗigon farko zai ja layi a kan hodar, sai a bi layin nan sama har tushensa. In ruwa ya shigo alhali inji na kashe, to, laifin yana wurin da ke nutse: toshiyar kafar zubar da ruwa, ko robar da ke tsakanin famfo da gindin jirgi, ko notocinta, ko inda wayar sitiyari ta huda bangon baya, ko kuwa tsaguwa a jikin jirgin. Toshiyar nan, abin dariya, ita aka fi mantawa.

In kuwa jirgin ya kwana a ruwa bai jiƙe ba, sai an yi tafiya ruwa ke taruwa, magana ta sake. A yawancin jiragen nan famfon da ke tura jirgi shi ke aika ruwan sanyaya inji ta cikin tiyo, kuma gwargwadon gudun inji gwargwadon matsin ruwan. Tiyon da bai nuna kome ba a tsaye, yana iya yin tsartuwa da an taka mai. Nan sai mutum biyu: ɗaya na tuƙi, ɗaya na duba, ya kuma nisantar da hannu da riga daga sandar ƙarfen da ke juya famfo. A taɓa ruwan. In da ɗumi, ya riga ya bi ta inji ko salansa. In da sanyi, a duba tiyon da ya fito daga famfo, da murfin duba famfon, da robar da ke hana ruwa biyo sandar nan.

Wannan yoyon shi ya fi hatsari, domin in tiyo ya kuɓuce ana cikin gudu, injin da kansa ke ɗura kogi cikin jirgin. Wanda ya ga ruwa na hauhawa da sauri, ya kashe inji tukuna, kana ya yi bincike.

Waɗansu sukan ɗora jirgin bisa tirela, su zuba masa ruwa a ciki, su duba inda zai ɗigo waje. Dabarar tana kama tsaguwa, amma ba ta kama yoyon tiyo, kuma kada ruwan ya kai sitata ko batir. Ƙaramin famfon kwashe ruwa kuwa ba magani ba ne, ɓoye ciwo yake yi. Mai jirgi ya riƙa rubuta sau nawa famfon nan ke tashi cikin awa guda. Ranar da lissafin ya ƙaru, a fito da hoda da tocila.